Yadda Lawali Ya Kawo Teku Gamkalle

Sau ɗaya tak Lawali ya taɓa ganin teku a rayuwarsa, amma wallahi da teku tana da baki da ta roƙe shi ya bar ta ta huta. Karen mota ya yi wa wani kamiyo, babbar motar kaya mai kai albasa Lome, motar ta lalace suka kwana uku a can, mu kuma muka shiga uku a nan. Shekara tara muna jin labarin kwana ukun nan a Gamkalle, unguwarmu ta Yamai, har sunansa ya koma Lawali Lome. Ni Abdulaye tela, shagona yana jikin katangar gidansa, saboda haka na fi kowa shan wannan karatu.

"Ku me kuka sani?" haka yake farawa, yana gyara baƙin tabarau mai ƙafa ɗaya da ya ɗaure da zare. "Akwai wani wuri a bakin teku ana ce masa palaj. Yashi ne fari tas, ga itatuwan kwakwa a jere, ga jiragen masunta, ga otel-otel masu bene. Anasara daga ƙasarsu suke shigo jirgin sama, su tuɓe riga, su shafe jiki da mai, su kwanta a rana tun hantsi har la'asar. Turist ake ce musu, masu yawon buɗe ido."

"Laifin me suka yi aka shanya su?" in ji Mutari mahauci.

"Jin daɗi ne, jahili! Har biya suke yi."

"To, Allah ya ƙara musu lafiya."

Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta babban fari, lokacin mulkin soja, shekarar da gulbin Isa ya ƙafe a Yamai har mutane suna tsallaka shi da ƙafa. Gwamnati ta ce kowa ya kama noman rani. Aka raba filayen bakin gulbi, aka kafa komiti, aka ɗora wani ajidan na soja a kai, mutum mai gashin baki wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Dokarsa ɗaya ce: duk garkar da ya zo bai tarar da ita kore shar kuma a killace ba, za a karɓe a ba wani. Masu jira kuwa ba su ƙirguwa, ga mutanen arewa nan da dabbobinsu suka ƙare, sun cika gefen gari.

Ramatu, matar Lawali, ta samu fangali goma sha biyu. Ta shuka alayyafo da yakuwa da kuɓewa da 'yar albasa, ta kewaye da zana. Ruwa kuwa sai can wani kududdufi da ya rage a tsakiyar gulbi, tafiyar da in ka je ka dawo sai ka nemi wurin zama. Da arozuwar biyu, gwangwanayen ban ruwan nan masu dogon baki, take jigila safe da yamma. Garkar nan ita ce tukunyar gidan, ita ke ciyar da su da 'ya'yansu huɗu, domin Lawali tun da ya ga teku ya ce ƙaramin aiki ya yi masa kaɗan.

Ana nan sai ƙanwar Ramatu ta haihu a unguwar Talaje, dole ta je ta kwana uku. Ranar Litinin da safe ina shago na ji tana yi masa kashedi.

"Malam, abu biyu na bar maka. Ruwa safe da yamma, kuma kada ka bar ƙofar zana a buɗe, awakin unguwa yunwa suke ji. Ranar Alhamis ajidan zai zo duba garake. Ka ji ko?"

"Haba Ramatu! Mutumin da ya ga teku za a koya wa ban ruwa?"

"Abin da nake tsoro ke nan."

Ni dai na ce a raina an ba kura ajiyar nama, na ci gaba da taka keke. Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga shi ya faɗo shagon, idonsa na ƙyalli. Ya ja ni har bakin gaɓa, ya nuna mini cikin gulbi, yashi fari fat iya ganinka.

"Tela, me ka gani?"

"Masifa na gani. Allah ya kawo mana ruwa."

"Arziki ka gani ba ka sani ba. Palaj abu uku ne: yashi, rana, ruwa. Yashinmu ya fi na Lome, ranarmu kuwa ta haifi tasu. Biyu cikin uku! Ko a lakwal, makarantar boko, ai an ci jarrabawa."

"Na ukun fa?"

"Haƙa za mu yi. Anasara sun cika Yamai da fararen motoci, ba su da wurin kwanciya. Kai za ka zama telan palaj, Mutari mai gasa nama, ni kuma direkta."

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wata biyu ke nan ba wanda ya kawo mini ɗinki sai faci, don haka na ce to. Ba ni da yadi, sai buhunan garin agaji da aka ci aka bar mana. Da su na ɗinka gajerun wanduna shida, na kuma ɗinka wata ƙatuwar laima a kan garen keke.

Rumfuna suka rage. Ina ɗagowa na hango Lawali yana saukowa da zana a ka, naɗe.

"Lawali, wannan ba shingen garkar Ramatu ba ne?"

"Aro na yi. Kafin Alhamis na mayar."

"Awaki fa?"

"Akuya da ta ga zana jiya ai ta san akwai shinge. Dabba ce mai tunani."

Kafin Talata da yamma wuri ya kankama. Ya kafa rumfa uku da zanar. Ya dasa sanduna, ya ɗaure musu goriba a sama, ya ce kwakwar Nijar ce. Arozuwar ɗin Ramatu guda ya rataye ta a gwafa, ya cika ta da ruwan da ya kamata shuka ta sha, ya ce wurin wankan turist ne. Wani tsohon kwalekwale da ya kafe a yashi ya zama jirgin yawon teku: baƙo zai zauna ciki, mutum biyu su riƙa jijjiga shi. Ya ɗauko turmin gidansa ya bi yashi yana dangwala gindinsa, ya ce sawun dorina ne, anasara suna son irin wannan. Har ƙasusuwan wata saniya da fari ya kashe ya jera, ya ce a Lome akwai kasuwar da ba a sayar da komai sai ƙashi da ƙaho, kuma turist cika ta suke yi.

Teku ce ta ba mu wuya. Ni da Mutari muka haƙa rami har ya kai mu ƙugu, abin da muka samu ɗan danshi ne da ruwan da bai fi cikin tire ba, sai wani kwaɗo guda da ban san daga inda ya fito ba.

"Ga teku, ga kifi," in ji Mutari, yana share gumi.

"Haka ta Lome ma ta fara," in ji Lawali.

Matan da ke wucewa da tulu suka riƙa tsayawa suna kallo. Wata tsohuwa Bazabarma ta daɗe tana duban goribar nan a kan sanda, ta tafa hannu ta ce da Hausarta, "Wannan ɗa, uwarsa tana da rai?" Aka ce mata ta rasu. Ta ce, "Ta huta."

Laraba muka wuni ba turist ko ɗaya. Fararen motoci suna ta wucewa a kan hanya ta sama, ba wadda ta ko rage gudu. Na ce masa, "Lawali, ka shayar da garka yau?" Ya ce shuka ma tana bukatar ta koyi haƙuri, fari ake yi. Da la'asar ya tara mu ya ce ya gano matsalar.

"Anasara kamar zabi suke, sai sun ga 'yan'uwansu a wuri suke sauka. Ba wanda zai kwanta a palaj da ba kowa. Gobe mu za mu kwanta su gani."

"Gobe Alhamis," na tuna masa. "Ajidan."

"Soja ba ya fitowa da rana tsaka. Kafin la'asar mun yi baƙi, mun mayar da zana."

Mutari ya yi alkawarin tsire ga duk wanda ya kwanta. Shekarar nan makiyaya suna sayar da saniya a kuɗin kaza, don haka duk Gamkalle Mutari kaɗai ne ya yi ƙiba, tumbinsa har yana riga shi shiga ɗaki. Jin tsire ya sa muka samu ƙarin mutum biyu, 'yan dako. Na shidanmu malamin lakwal ne ɗan Tawa, Mushe Yahaya kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, tun da ba a karatu ranar Alhamis. Lawali ya ce shi ne tafinta in turist sun zo.

Hantsi na yi muka tuɓe, muka sa wandunan buhu. Jama'a, ban taɓa sanin haka muka rame ba sai ranar. Haƙarƙarin Lawali kana iya ƙirga su daga kan gaɓa. Ya ce sai an shafa mai. Ba mai, sai Mutari ya kawo narkakken kitse a gwangwani, muka mulke jiki da shi. Ƙudajen Yamai kaf suka samu labari.

"Ku rufe ido, ku saki jiki," in ji direkta. "Ba a gaisuwa a palaj. Ko an yi muku magana kada ku amsa, haka manya suke yi."

Mushe Yahaya ya ce shi yashin yana ƙona masa baya. Lawali ya ce ai akwai maganin wannan, a Lome ya ga anasara suna binne junansu a yashi har wuya don wasa, kuma can ƙasa da sanyi. Muka tona, muka kwantar da Mushe, muka rufe shi har wuya, aka ɗora masa hankici a fuska saboda ƙuda. Da ya ji sanyin ƙasa sai barci ya kwashe shi.

Mu kuwa muka soyu. Ina jin kitsen nan yana tafasa a bayana, ina ƙamshin kilishi. Wajen azahar har na fara kalmar shahada a zuci, sai muka ji ƙugin mota. Wata farar mota ta sauko daga hanya, ta tsaya.

"Turist!" Lawali ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Kowa ya mutu!"

Muka ƙara lafewa. Ta ƙasan ido na ga wata doguwar anasara ta fito da akwatin magani, da wani anasara mai na'urar hoto a wuya, da direbansu baƙar fata. Daga baya muka ji ashe ma'aikatan wata ƙungiyar agaji ne, suna hanyarsu ta zuwa sansanin masu gudun fari. Ku dubi abin da suka tarar: maza a zube a rana, ƙashi da fata, sanye da buhun agaji, ƙuda ya rufe su. Gefe ga ƙasusuwan saniya. Ga rami an tona ana neman ruwa. Ga kuma wani an binne shi har wuya, an rufe masa fuska, da alama masu binnewar ƙarfinsu ya ƙare kafin su gama.

Madam anasarar ta dafe ƙirji ta saki wata ƙara. Mai hoto ya shiga aiki, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

"Kun ji?" in ji Lawali ta gefen baki. "Hoto suke yi. Palaj ta karɓu."

Ya yunƙura zai miƙe ya yi musu maraba irin ta direkta. Awa uku a rana ba ko ruwa, yana tashi jiri ya ɗebe shi, ya ce "Bonjur mad..." ya zube rim. Madam ta yi kansa a guje. Ta buɗe masa ido, ta ja masa harshe, ta ɗura masa wani ruwa mai gishiri da sukari, direba ya kawo gadon ɗaukar marasa lafiya aka ɗora shi.

Lawali ya farfaɗo ya gan shi a sama ana ɗauke da shi. Ya waigo ya kashe mini ido. "Tela, ko a Lome ba a ɗaukar direkta a gado."

Ni ma aka ɗura mini ruwan gishirin, na sha don ba laifi ƙishirwa nake ji. Da madam ta iso kan Mutari sai ta tsaya cak. Ta dubi tumbinsa yana sheƙi da kitse, ta dube mu, ta sake duban tumbin. Sai ta hau shi da faɗa da Faransanci, tana nuna shi da yatsa.

Mutari ya manta da doka ya buɗe ido. "Me take cewa?"

Direban ya ce, "Ta ce kai ne ka cinye rabon waɗannan bayin Allah. Ta ce ba ka da imani."

"Ni? Ni da na yi musu alkawarin tsire!"

Direban ya girgiza kai, ya tafi wurin Mushe Yahaya, ya tsuguna yana salati zai ƙarasa rufe gawa. Ya watsa yashi hannu ɗaya, ƙura ta shiga ƙarƙashin hankici. Gawa ta yi atishawa, ta ce, "An kawo tsiren?"

Ban taɓa ganin gudu irin na direban nan ba. Takalminsa ɗaya sai washegari aka tsince shi. 'Yan dakon nan biyu da suka ga ana gudu, su ma suka tashi suka ranta a na kare ba su san dalili ba. Masu garake da matan ɗibar ruwa suka cika gaɓa, ana ta dariya har da masu riƙe ciki.

Ana wata ga wata. Dariyar ta ɗauke ɗif kamar an yanka ta da almakashi. Na ɗaga kai na ga ajidan tsaye a kan gaɓa da sojoji biyu da 'yan komiti, babban littafi a hammatarsa. Ashe soja yana fitowa da rana tsaka. Bayansa kuwa garkar Ramatu ce, ba shinge, awaki sun fi goma a ciki suna walima. Ga kuma Ramatu kanta, ta sauko daga Talaje da ƙunshin kayanta a ka don ta tarbi masu duba. Ƙunshin ya faɗi ƙasa ba ta ko waiwaye shi ba.

Ajidan ya sauko a hankali. Ya fara da mai hoto: ya miƙa hannu, aka ba shi na'urar, ya buɗe ta ya zaro fim ɗin ya shanya shi a rana. Sannan ya sa aka tono Mushe Yahaya, wanda ya tsaya yana karkaɗe yashi yana yi wa madam bayani da Faransanci. Madam ta saurara, fuskarta ta yi ja, ta rufe akwatinta. Ta faɗi wata magana a hankali kafin ta juya. Mushe ya ce cewa ta yi akwai masu jiran maganin nan da gaske. Wannan magana ta fi ranar ƙona ni, wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

"Wane ne shugaban wannan hauka?" in ji ajidan.

Lawali ya sauko daga gadon marasa lafiya, ya gyara tabarau, ya ƙame. "Ni ne direkta, mon ajidan."

"Direktan me?"

"Palaj, mon ajidan. Irin ta Lome. Don ci gaban ƙasa."

"Ƙasa tana cikin fari, an ce kowa ya tashi ya yi noma, kai kana koya wa maza kwanciya da rana tsaka? Har ka tara baƙi su ɗauki hoto a ce ana mutuwa a tsakiyar babban birni?"

"Ba mutuwa ba ce, mon ajidan, hutu ne. Kamanninsu ne ɗaya."

"Waccan garkar da awaki ke ciki ta wa ce?"

Ramatu ce ta amsa daga bayansa. "Tawa ce, ranka ya daɗe."

Ta riga ta kore awakin ta sauko. Cikin fangali goma sha biyu, biyu suka tsira, na albasa, su ma sun yi yaushi. Ajidan ya buɗe littafi ya zaro biro.

"Ba shinge, ba kore. Doka ta ce a ba wani."

"Ranka ya daɗe, ka dubi hannuna kafin ka rubuta." Ta miƙa tafukanta, duk kanta, sun tsattsage. "Wata biyar ina ɗauko ruwa daga tsakiyar gulbin nan, sawu ashirin kullum. Ban taɓa zuwa layin agaji ba, ban taɓa roƙon kowa ba. Kwana uku kacal na bar wurin. In ka karɓe, 'ya'yana huɗu gobe a layin za su kwana."

Ni dai na sunkuyar da kai, ga ni tsaye da wandon buhu, ina warin kitse, kuma da hannuna aka yi wannan ɓarna.

Ajidan ya ce, "Madam, doka ba ta duba hannu." Ya ja da baya taki ɗaya don ya samu inuwar laima ya yi rubutu. Bai san tekun Lawali tana bayansa ba. Sai ji muka yi tsulum!

Sojojin suka zaro shi. Wandonsa jiƙe sharkaf har gwiwa, kwaɗon nan ya yi tsalle ya bar masa wurin. Muka leƙa ramin. Ashe kwana biyun da muka bar shi ruwa ya tsattsafo ta ƙarƙashin yashi ya taru, garau da shi, taki arba'in kacal daga garake. Ba wanda ya yi dariya, kowa yana son ransa.

Ramatu ta dubi ruwan, ta dubi ajidan, nan take ta ga ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ai abin da maigidana yake yi ke nan. Rijiya yake haƙa mana don mu huta da tafiya. Zanar ma inuwa ya yi wa masu haƙa. Bai iya bayani ba ne."

Kai, mace mai hankali rahama ce! Ajidan ya ɗaga gira, biro ya tsaya. Saura ƙiris magana ta mutu. Duk muka zuba wa Lawali ido muna roƙonsa a zuci ya yi shiru sau ɗaya a rayuwarsa.

"Wace irin rijiya?" in ji Lawali, ransa a ɓace. "Ramatu, kada ki rage mini daraja gaban hukuma. Teku ce, mon ajidan! Gobe ma zan sa mata igiyar ru..."

Bai ƙarasa ba. Mutari ya taɗe shi ya zauna a kansa, ni kuma na toshe masa baki da hankicin Mushe.

"Rana ce ta taɓa shi, mon ajidan," in ji Mushe Yahaya. "Madam ma ta shaida."

Ajidan ya daɗe yana kallonmu, ruwa na ɗiga daga wandonsa. Gashin bakinsa ya ɗan motsa, na rantse dariya ce yake dannewa. Ya rufe littafin.

"Ku ɗaga shi. Kai direkta, buɗe kunnenka. Kafin magariba zanar nan ta koma inda take. Ramin nan za ka haƙa shi har ya shanye tsawonka, ya zama na masu garake duka. Matarka ba za ta sake ɗaukar arozuwar ba, kai za ka yi ban ruwa, safe da yamma, da wannan wandon naka. Na ba ku kwana goma sha biyar. In na dawo ban ga kore ba, garka ta tafi, kai kuma in sa a kai ka Bilma, can tsakiyar hamada. Can akwai palaj da ba ta da iyaka."

"Akwai turist a can, mon ajidan?"

Na mayar da hankicin bakinsa.

Kwana goma sha biyar ɗin nan Gamkalle ba ta taɓa ganin aiki irinsa ba. Mu da muka kwanta duk muka sa hannu, kunya ta hana mu zama. Mutari ya kawo taki daga mahauta, Mushe ya samo irin alayyafo, ni na ɗinke zanar da ta yage. Amma ruwa na Lawali ne shi kaɗai, Ramatu ta ce umurnin hukuma ne, ba ta son a saɓa. Bayansa ya saɓule, kafaɗunsa suka yi kanta, yara suna binsa suna "Direkta, ina turist?" Abin da ya fi damunsa, in ji shi, fim ɗin nan da aka ƙona, da yanzu hotonsa yana Faransa.

Ranar da wa'adi ya cika ajidan ya dawo. Alayyafo ya rufe fangali goma, kore shar, albasa ta miƙe. Ya zaga, ya taɓa zana, ya leƙa rijiya daga nesa, ya buɗe littafi ya yi 'yar alama a gaban sunan Ramatu, ya wuce. Ramatu ta zauna a bakin fangali ta yi kukan da ta riƙe tun ranar Alhamis ɗin can.

Da la'asar na je kai mata sauran zaren zana. Na tarar ta kafa laimar nan tawa ta garen keke a gefen garka, ta shimfiɗa tabarma, ta miƙe ƙafa, ta ɗora baƙin tabarau mai ƙafa ɗaya a hanci. Tun da na san ta ban taɓa ganin ta zauna da rana ba. Lawali yana hawowa daga rijiya da arozuwar biyu, yana nishi.

"Malam," ta ce, "ashe gaskiyarka. Palaj da daɗi. Ƙara wa alayyafon can sawu biyu."

Lawali ya ajiye arozuwar, ya share gumi, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juyo wurina, fuskarsa ta washe.

"Tela, ka gani ko? Na ce maka sai an samu turist."

Ya sunkuya ya ɗauki gwangwanayensa ya koma teku.